Koyon gyaran kwamfuta: a bincika kafin a biya

Wannan bayani ne ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Cadawa da ƙauyukan kewaye. A karanta shi a aji da ƙarfi, sannu-sannu, don wanda bai iya karatu sosai ba shi ma ya ji.

 

Maganar yau a kan wata sana'a ce wadda kakanni ba su sani ba, wato gyaran kwamfuta. Wasu na ce mata na'ura mai ƙwaƙwalwa, ƴan lakkwal kuma na kiranta da sunanta na Faransanci. Duk abu ɗaya ne.

Shekarun baya, rediyo ce babbar na'urar ƙauye. In ta ƙi magana, a kai ta kasuwa wurin mai gyara. Daga baya salula ta shigo Nijar a shekarar 2001, ta bazu har rugage. Yanzu ga kwamfuta. A garuruwa irin su Agye, Gazawa, Gidan Runji da Cadawa, ana aiki da ita a ofisoshin gwamnati, da wuraren aika kuɗi, da shagunan masu buga takardu da wanke hoto. Malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da yawa suna da ƙarama, mai ninkewa kamar littafi. Ran da ta lalace aiki ya tsaya. Sau da yawa sai an sa ta a mota an kai Maraɗi, mai jiran takardarsa kuma a ce masa ya dawo wani mako.

Samari sun ga haka. Shi ya sa bayan kaka, da an tara gero an haƙe aya, sai yaro ya zo wurin mahaifinsa ya ce: "Baba, ina so in je Maraɗi in koyi gyaran kwamfuta, in samu takarda." Uba ya yi shiru. In ya ƙi, ya san yaron zai kama hanyar ci-rani, ko Najeriya, ko Agadas, ko ma Libiya da Aljeriya. In ya yarda, buhunan ayar da aka sha wahalar tankaɗe su cikin rairayi ne za a sayar, ko ragon uwar yaron. Kuɗin nan in sun tafi a banza ba su dawowa sai wata damina, in Allah ya ba da ruwa. Saboda haka ya kamata uba da uwa su san abin da za su saya da kuɗinsu.

Me ke cikin kwamfuta?

Ba aljani ciki, ba tsafi. In an kwance murfin, za a ga wani babban faranti mai ƙananan hanyoyin tagulla, kamar hanyoyin gari. Duk sauran kayan a kansa suke. A Faransanci da Ingilishi duka, sunan farantin nan yana ɗauke da kalmar uwa. A tsakiyarsa akwai wani ɗan ƙaramin abu mai kusurwa huɗu, bai kai tafin hannun jariri ba. Shi ne ƙwaƙwalwar, shi ke yin lissafi. Yana ɗaukar zafi ƙwarai, don haka aka ɗora masa ƙarfe mai tsaga-tsaga da ƴar fanka mai hura masa iska.

Akwai ma'ajiya iri biyu. Ɗaya kamar tabarmar da ake baza hatsi a kai lokacin aiki: da an kashe na'urar, an naɗe tabarma, ba abin da ya rage a kanta. Ɗayar kamar rumbu ce: abin da aka zuba yana nan, ko an shekara ba a kunna ba. Sunayen mutane, lissafin kuɗi, hotuna, duk a rumbun nan suke. Shi ya sa mai gyara na ƙwarai yake fara tunanin rumbu kafin komai. Ana iya sayen sabon gilashi, ana iya sayen sabon batir. Amma lissafin ƙungiyar manoma na shekara 5 in ya goge, ba kasuwar da ake sayensa.

Sai akwatin wuta. Wutar Nigelec da ke bango ƙarfinta bolt 220 ne. Kayan cikin kwamfuta ba su iya ɗaukar wannan. Akwatin ne ke rage ta zuwa bolt 12, da 5, da 3 da ɗan wani abu. Ƙaramar mai ninkewa kuwa cajarta ce ke wannan aiki, yawanci tana ba da wajen bolt 19.

Abin da ke kashe ta a ƙasar nan

Yawancin kwamfutocin da ke zuwa nan na hannu ne. An yi aiki da su a Turai ko Amurka, a ɗakuna masu sanyi, kafin su iso kasuwannin Legas da Kano da Maraɗi. Sun riga sun tsufa, ga shi sun zo ƙasar zafi.

A watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Da hunturu kuma ƙura na shiga ko'ina, har cikin kwanon tuwo. Fankar nan tana zuƙar iska tare da ƙurar. Sannu-sannu ƙura ta toshe tsagogin ƙarfen, iska ta daina wucewa, ƙwaƙwalwa ta yi zafi. Sai na'urar ta kashe kanta don kada ta ƙone. Mai ita ya tsorata, ya ce ta mutu. Alhali maganin bai wuce a buɗe a share ƙurar ba, a shafa sabon man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen, don tsohon ya bushe. Wanda bai sani ba zai sa a sayi sabon kaya masu tsada a kan ciwon da buroshi ke warkarwa.

Sai wuta. Kowa ya san layin wuta mai ƙarfi da ke shigowa daga Katsina zuwa Gazawa. Kowa kuma ya tuna yadda Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agusta na 2023, ba a mayar ba sai a Maris na 2024. A irin wannan lokaci mutane kan koma ga janareto da sola. Janareton da bai da lafiya wutarsa na hawa tana sauka. Wutar gari ma in an ɗauke aka maido, takan zo da ƙarfi. Wannan hawa da sauka shi ke ƙona caja da akwatin wuta. Don haka yaron da zai gyara kwamfuta a Cadawa dole ya san wuta tukuna: ta bango, ta janareto, da ta batirin sola mai bolt 12.

Akwai wata wutar kuma da ba a gani. Da hunturu, in mutum ya tuɓe rigar leda cikin duhu, yakan ji ƙas-ƙas, har ya ga ɗan walƙiya. Wannan wutar jiki ce. Ba ta yi wa mutum komai, amma tana iya kashe ƙananan kayan da ke kan farantin. Mai gyaran da ya koyi aiki yakan taɓa ƙarfe ya sauke ta, ko ya ɗaura wani zare a wuyan hannu, kafin ya sa yatsa ciki. Wanda ya koya da ka kawai yakan lalata kayan mutane ta nan, bai ma san shi ya lalata ba.

Inda karatu ya shigo

A nan ne maganar ta zo kan ƴan ajin yaƙi da jahilci. A bayan kowace caja akwai rubutu. Misali, a ga 19 V, a ga 3,42 A. Na farko ƙarfin wuta ne, na biyu yawanta. In an ninka su za a samu wajen 65, shi ne nauyin da cajar ke iya ɗauka. Wanda bai iya karanta lambobin nan ba, sai ya duba baki kawai: in ya shiga rami, shi ke nan. Ta haka ake ƙona na'ura.

Babban makamin mai gyara shi ne ma'aunin wuta, mai wayoyi biyu, ja da baƙa. Yana nuna lamba a ɗan gilashinsa. Makaho ne a gabansa duk wanda bai san lamba ba. Kuma ita kanta na'urar, in tana ciwo, takan rubuta abin da ke damunta a kan gilashi. A 2025 dokar ƙasa ta mayar da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Wannan abin farin ciki ne. Amma kwamfuta har yanzu da waɗannan harsuna biyu take kokawa. Yaron da ya iya karanta Hausa da boko ya riga ya san haruffa. Abin da ya rage masa shi ne ya haddace kalmomin sana'a, ya rubuta su a littafi da ma'anarsu. Wanda bai fara ba, ya fara zuwa aji tukuna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikin kansa kamar na likita ne. Ba a fara da wuƙa. Ana fara da tambaya: yaushe ta fara? Ta faɗi? Ruwa ya zuba mata? Wa ya taɓa buɗe ta? Sannan a duba abu mafi sauƙi, wato waya da caja da batir. Sannan a canza abu ɗaya a gwada, kada a canza uku a lokaci guda, don a san wanne ne mai laifin. A rubuta abin da aka yi. Yaro mai gaggawa, wanda ba ya iya zama awa biyu a kan abu ɗaya, wannan sana'a za ta ba shi wuya, ko da yana da ƙwaƙwalwa.

Maganar takarda

Takarda iri-iri ce, kuma a nan ake yawan ruɗa iyaye.

Akwai takardun gwamnati, waɗanda ake samu bayan jarrabawar ƙasa. Yaron da ya gama firamare yana iya shiga kwalejin koyon sana'a ta gwamnati, wadda ake kira CET, ya yi shekara 4, ya nemi takardar CAP. Wanda ya ci jarrabawar BEPC yana iya neman BEP, ko ya nemi shiga makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi ya yi shekara 3 har bakaloriya. Bayan bakaloriya akwai BTS, karatun shekara 2. A Maraɗi kuma ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. Wanda ya bar lakkwal da wuri, ko bai taɓa shiga ba, an yi masa cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi, waɗanda ake kira CFM. Sai dai a lura: ba kowace makaranta ke koyar da gyaran kwamfuta ba. Wata ɗinki take koyarwa, da walda, da kafinta, da aikin wutar gida. In aikin wuta ne ke kusa, kada a raina shi. Shi ne tushen.

Akwai kuma takardar da makaranta mai zaman kanta ke bugawa da kanta, ta sa hatiminta. Wannan shaida ce kawai cewa yaro ya zauna a wurin wata 3 ko wata 6. Ba laifi ba ce, wasu makarantun suna koyarwa da gaskiya. Amma ba daidai take da takardar ƙasa ba. Ran da gwamnati ta buɗe gasar ɗaukar ma'aikata, takardar ƙasa ake tambaya. Iyaye da yawa ba su gane bambancin ba sai ranar da aka mayar wa ɗansu da takardunsa.

Saboda haka, kafin a biya ko dala ɗaya, uba ya je da ƙafarsa. In bai iya karatu ba, ya tafi da wanda ya iya. Ya ce a nuna masa takardar izinin da gwamnati ta ba makarantar. In yana shakka, ya je ofishin ma'aikatar koyar da sana'o'i a Maraɗi ya tambaya, tambaya ba ta da kuɗi. Ya ce: wace jarrabawa yaro zai yi a ƙarshe, ta ƙasa ko ta gida? Sannan ya ce a kai shi ɗakin aiki. Wannan ya fi komai. Ya ƙirga na'urorin da ke buɗe a kan tebur, ya ƙirga yara. In yara 40 ne, na'ura 2, malam na rubutu a allo suna kwafa, to ba gyara ake koya ba. Ba wanda ya taɓa koyon huɗa a kan allo. Ya duba ko akwai ma'aunin wuta, da ƙarfen narka dalma, da ƙananan abin kwance kusoshi, kuma a hannun yara suke ko a kulle cikin akwatin malam.

Ya tambaya kuma ko ana koyar da gyara ne, ko kuwa buga rubutu. Abu biyu ne daban. Mai tuƙa mota daban, makanike daban. Wasu yaran sun dawo gida da takarda mai ado, sun iya buga wasiƙa, amma ba su taɓa kwance murfi ba.

Duk kuɗin da aka biya a karɓi rasiɗi, a ajiye. Kuma a lissafa da kyau tun farko. Kuɗin makaranta ɗaya ne cikin huɗu. Akwai abinci, akwai wurin kwana in ba dangi a birni, akwai kayan aikin da yaro zai saya ran da ya gama. Wanda ya kashe duka a kan makaranta, ɗansa zai dawo da ilimi ba ma'auni, kamar manomi ba hauya.

Wasu samari masu duba intanet sukan kawo maganar takardun ƙasashen waje. Akwai su. Wadda ta fi suna a wannan sana'a ita ce CompTIA A+, ta wata ƙungiya a Amurka, an fara ta a 1993. Jarrabawa 2 ake yi, a kan kwamfuta, a biya da dalar Amurka, kuma bayan shekara 3 sai an sabunta ta. Tana da amfani ga mai neman aiki a manyan kamfanoni. Amma ga yaron da zai buɗe rumfa a bakin kasuwar Cadawa ko Gazawa, ba ita ce ta farko ba. Kada a sayar da saniya saboda ita.

Zama wurin maigida

Hanyar da aka sani tun da ita ce a kai yaro wurin mai sana'a, kamar yadda ake kai shi wurin tela ko makanike. A Maraɗi da Katsina akwai masu gyara, a Kano ga kasuwar Farm Centre da ta shahara da salula. Yaro a nan yana ganin ciwo iri-iri kowace rana, hannunsa na faɗawa da wuri. Abin da yake rasawa shi ne dalili. Yakan san cewa in an canza wannan ta tashi, bai san don me ba. Ran da sabon samfuri ya fito sai ya tsaya. Kuma ba takarda. Ɗan makaranta shi kuma ya san dalili, hannunsa na rawa. Wanda ya haɗa biyun, safe makaranta, yamma ko lokacin hutu rumfar maigida, shi ne ke yin nisa. In za a kai yaro wurin maigida, a yi magana a gaban shaidu: wata nawa zai yi, me za a koya masa, wa ke ciyar da shi. In ba haka ba sai ya shekara yana sayo shayi da share rumfa.

Ƴan mata fa? Aikin nan ba ya son ƙarfi. Yana son ido, da haƙuri, da hannu mai natsuwa. Yarinyar da ke saƙa hula ko ɗinkin zare tana da duk ukun. Tana iya yin aikin a cikin gida, mata ƴan uwanta su kawo mata wayoyinsu ba tare da jin kunya ba.

Wannan ya kawo maganar amana. Mai gyara yana ganin abin da ke cikin rumbun mutane: hotunan iyali, saƙonni, lissafin kuɗi. Bai kamata ya buɗe abin da ba a sa shi ba, balle ya kwafa ko ya ba da labari a majalisa. Kada ya cire kaya mai kyau ya sa tsoho. In ya canza wani abu, ya miƙa wa mai na'ura tsohon a hannu. In aikin ya fi ƙarfinsa ya faɗa, ya tura mutum gaba. A gari kamar Cadawa kowa ya san gidan kowa. Labarin mai gyara ɗaya da ya ci amana yakan riga shi isa kasuwa.

A kula da lafiya

Akwatin wuta yana riƙe wuta a cikinsa ko bayan an zare waya daga bango. Ɗan koyo kada ya buɗe shi sai malam na tsaye. Batirin da ya kumbura kada a huda shi, kada a jefa shi a wuta, yana iya kamawa ya fashe. A nisanta shi da yara. Dalmar da ake liƙi da ita guba ce: a yi aiki inda iska ke wucewa, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Matattun faranti kuma kada a ƙona su don neman tagulla, kada a zubar kusa da rijiya ko inda awaki ke kiwo.

Aikin zai ciyar da shi?

A faɗi gaskiya. Kwamfutocin da ke Cadawa da ƙauyukanta ba su kai yawan da za su riƙe mutum shekara cur ba. Salula ce ke hannun kowa. Ga fitilun sola, ga rediyo, ga injin buga takarda. Sa'ar da aka yi, ilimin ɗaya ne: wanda ya san wuta, ya iya ma'auni, ya iya liƙi, duk zai taɓa su. Don haka yaro ya nemi a koya masa gyaran salula da haɗa sola tare da kwamfuta. Ya riƙa bin kasuwannin mako da akwatinsa, kamar yadda sauran masu sana'a ke yi. Kayan gyara kuwa daga Maraɗi ko Kano za su zo, sai ya san amintaccen mai sayarwa, ya kuma riƙe littafin shiga da fita, da na bashi. Da damina ya koma gona. Gonar ce za ta riƙe shi a shekarun farko, kafin mutane su san hannunsa.

Makarantun gwamnati suna buɗewa ne a watan Oktoba, daidai lokacin da ake cikin aikin kaka. Neman wuri kuwa tun kafin nan ake yi. Wanda ke da niyya ya fara tambaya tun damina ba ta yi nisa ba. Za a nemi takardar haihuwar yaro, da hotuna, da takardar ajin da ya tsaya in ya yi lakkwal. Yaron da ba a yi wa takardar haihuwa ba, uban ya je ofishin magajin gari da wuri a nuna masa yadda ake neman ta wurin alƙali, don abin yana ɗaukar kwanaki.

A aji na gaba kowa ya zo da cajar wayarsa. Za a karanta lambobin da ke bayanta tare.